Ƙaryar da Na Yi wa Tumakin Goggo

Na yi wa tumaki ƙarya, kuma ƙaryar ta zauna a bakin mutane shekara goma sha ɗaya, har ta zo ta same ni a zaman makokin mai tumakin. Da ana mayar da abin da ya wuce, ita zan fara mayarwa. Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Firamare na gama, na yi aikin masinja a Birnin Kebbi har na ajiye. Wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri, ya duba abin da ke ciki.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Ta rasu ranar Talata da hantsi, cikin wannan bazarar, a ɗakinta da ke gidana a unguwar Nasarawa, inda ta zauna tun bayan rasuwar mijinta. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta. 'Ya ɗaya ta bari, taubashiyata, wadda ke aure a Argungu. Sunan mahaifin Goggo aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba. Mai sunan Baba take ce mini, tun ina rarrafe har furfura ta rufe mini kai.

Bayan mun dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Na ɗauka za a yi ta zancen azuminta da zumuncinta, kuma an yi. Amma kusan duk wanda ya zauna, da an shafa addu'a, sai ya gangaro kan tumaki. Wani manomin albasa ya ce ita ta hana shi sakin nasa cikin raɓa. Wani dattijo daga Gwadangaji ya ce shekarun baya ya ɗauko tunkiya a keke-napep ya kawo mata don ɗanta ya ƙi girma. Ta taɓa hantsar sau ɗaya, ta ce masa: "Ɗan lafiya lau shike, uwar ka bari da yunwa." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin ta gidan makoki.

Sai maƙwabcina na jikin katanga, mutumin kirki, ya girgiza kai ya ce: "Allah sarki Goggo. Tun da cutar nan ta shiga tumakinta ba ta ƙara zama daidai ba. Ba don Alhaji ya yi maza ya fitar da su ba, da duk unguwa ta kama. Allah ya saka masa."

Mutane suka ce haka ne, Allah ya saka wa Alhaji. Ni ne Alhajin. Na sunkuyar da kai ina jan carbi, sun ɗauka baƙin ciki ne.

Bari in faɗi yadda Goggo take da tumaki, don wanda bai san ta ba ya gane girman abin da na ɓata.

Yawancinmu nan idan muka dubi tunkiya, ragon da za ta haifa muke gani. Goggo hantsa take duba. Tana da wani ɗan ludayi na duma, ya yi baƙi don tsufa, yana rataye a bayan ƙofarta. Ba a shan fura da shi, ba a ba yaro ya yi wasa. Idan tunkiya ta haihu, ba ta taɓa ta sai ɗan ya sha daƙashi ya ƙoshi, wato nonon farko mai kauri. Ta ce wanda ya rasa shi, ko ya rayu, zai yi ta zawo. Bayan mako guda sai ta ware ɗan da sassafe na ɗan lokaci, ta tatsi nono ɗaya cikin ludayin, ta bar wa ɗan ɗayan. Ta duba inda madarar ta tsaya. Daga nan ta ɗiga ɗigo guda a farcen babban yatsanta, ta karkata hannun. In ya zube nan da nan, ruwa ya yi yawa. In ya tsaya kamar ƙwayar tsakiya yana jan jiki, akwai mai a ciki. Abin da ta tatsa kuma ba ta sha, ɗan take ɗura wa.

Sau uku take wannan awon ga kowace tunkiya: bayan mako guda, bayan arba'in, sai kuma duk ranar da zafin bazara ya kai maƙura. Na ukun ne ya fi mata muhimmanci. Ta sha gaya mini: "Mai sunan Baba, da damina kowace tunkiya gwana ce. Ciyawa ɗanya, ludayi ya cika, amma rabinshi ruwa na. Ka bari sai fadama ta bushe, sai ƙasa ta yi zafi, sannan ka san wadda ka riƙe." Da rani nono yakan ragu ya yi kauri, wannan ba ya damunta. Abin da take nema shi ne tunkiyar da ko ciyawa ta ƙare, za ta ci ɗan abin da ta samu ta mayar da shi nono, ko da ita za ta rame. Wadda ta kawo rabin ludayi a tsakiyar bazara, 'ya'yanta mata ba sa barin gidan. Wadda ta ƙafe, komai kyanta, kasuwa.

A haka ta yi fiye da shekara talatin tana zaɓe. Duk garken ya fito daga tsatson wata 'yar tunkiya mai gajerun ƙafafu da ta zo da ita daga gidan miji, wadda take kira Guntuwa. Jikokin Guntuwa ba su da kyan gani. Ƙanana ne, kunnuwa gajeru, da ɗan baƙi a kewayen ido. Amma ban taɓa ganin an jefar da mushen ɗan tunkiya daga garken Goggo da bazara ba. Tagwaye ma sukan tashi.

Tana da dokoki, kuma ba ta sassautawa. Da damina ba a sakin su sai raɓa ta bushe. Idan ruwan gulbin Rima ya janye, mutane na rige-rigen kai dabbobi cin ciyawar burgu, ita ba ta kai nata inda ƙasa ke da laka da dodon koɗi, ta ce can ake ɗauko ciwon hanta, kuma tunkiya mai ciwon hanta nononta ne ke fara tafiya. Da bazara kiwo biyu take yi, da sanyin safiya da la'asar, tsakar rana kuwa inuwa da ruwa da 'yar kanwa. Harawa tana kan rufin ɗakinta, ba mai taɓa ta sai masu shayarwa. Bambaron shinkafa, ta ce, cika ciki ne kawai. Akwai gawo guda a bakin gonarmu. Ranar da ƙanena ya ce zai sare shi don ya faɗaɗa gona, ta ɗauki kujerarta ta je ta zauna a gindinsa. Ta ce: "Ka fara da ni, na fi shi taushi." Gawon yana nan har yau, 'ya'yansa da ke zubowa da rani su ne abincin da take tara wa masu ɗa.

Ni kuwa abin da ke cina daban ne. Duk Babbar Sallah, maƙwabta na ɗaure manyan raguna a ƙofar gida, mutane na tsayawa kallo. Nawa daga garken Goggo yake fitowa, lafiyayye, mai ƙiba, amma gajere. Abokan zamana sukan ce: "Alhaji, wanga rago ne ko bunsuru ya yi tsufa?" In yi dariya tare da su, in shiga gida raina a ɓace. Na yi wa Goggo maganar sauya iri ba sau ɗaya ba. Takan ce: "Kai ido kake kiwo, ni ɗiya nike kiwo."

Wata shekara, bayan girbin shinkafa, taubashiyata ta yi wata haihuwa mai wuya, Goggo ta tafi Argungu jinya. Ta bar mini garke, tumaki goma sha biyu, ta nuna mini harawa, ta maimaita mini dokoki kamar ban taɓa ji ba. Mako biyu da tafiyarta na kira wani dillalin dabbobi. Ya kwashe su duka, ya kawo mini manya biyar masu ciki, farare tas, dogayen kunnuwa, hanci a lanƙwashe. Da aka sauke su unguwa ta fito kallo. Ranar na ji ni wani ne.

Maƙwabcina ya tambaye ni: "Ina na Goggo?" Kunya ce ta kama ni a ce na taɓa kayan tsohuwa ba ta nan. Sai na ji bakina ya ce: "Cuta ta shige su. Na fitar da su kar ta bazu." Kafin la'asar maganar ta kewaye unguwa, har ana yaba mini.

Goggo ta dawo farkon bazara. Ta shigo da ƙunshin kayanta, ba ta ko zauna ba ta nufi garke. Ta tsaya tana kallon baƙin tumakin. Ta daɗe. Matata ta ce mata: "Goggo, ai cuta ce ta kama waɗancan." Goggo ta juyo ta dube ni, na dubi ƙasa. Ta ce: "To." Ta shiga ɗaki.

Manyan suka haihu cikin zafi, 'ya'ya bakwai. Makon farko lafiya. Ashe a inda suka fito, dusa da ƙuli ake tura musu safe da yamma, ba su saba neman na kansu a busasshiyar fadama ba. Babban jiki kuma shi ke fara cinye abin da ya shiga ciki kafin hantsa ta samu. Harawar da ke isar Goggo har saukar ruwa ta ƙare cikin kwanaki. A mako na uku 'ya'yan suka fara kuka ba tsayawa, suna dukan hantsa da kai, iyayen na tafiya suna barin su.

Wata safiya Goggo ta kira ni. Tana tsugune gefen babbar cikinsu, wadda na fi alfahari da ita. Ta tatsa, ta tatsa, abin da ya fito bai rufe gindin ludayi ba. Ta ce: "Miƙo hannunka." Ta ɗiga mini a farce. Kafin in karkata hannun ya zube.

Ta ce: "Karanta mini. Kai ka yi makaranta."

Na ce zafin bana ne ya yi yawa. Ta ce: "Bara sanyi anka yi?"

Iyakar faɗan da muka yi ke nan. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta dama kunu tana ɗura wa 'ya'yan da tsumma, ta bi gidajen maƙwabta tana roƙon a bar su su tsotsi awaki. Biyar cikin bakwai ɗin suka mutu, ɗaya bayan ɗaya. Ita ta riƙa ɗaukar su tana fita da su, ba ta yarda ni in taɓa ba. Mutane suka ce ragowar cutar nan ce ta zauna a ƙasar garken. Na bar su a haka.

Ban taɓa ba ta haƙuri ba. Kullum ina cewa sai na sami lokacin da muke mu biyu, kuma mun zauna mu biyu sau dubu. Ta ci gaba da kirana Mai sunan Baba, ta ci gaba da ajiye mini goro. Ludayin dai ya zauna a bayan ƙofa yana tara ƙura.

Shekara uku da suka wuce wata mata ta zo daga Argungu, matar wani masunci da ya rasu ya bar ta da marayu, ta jawo wata ƙazganya, budurwar tunkiya mai gajerun ƙafafu da baƙi a ido. Ashe tun kafin abin da na yi, Goggo ta taɓa ba ta 'yar tunkiya guda daga garkenta, da sharaɗin kar ta sayar da mace. Ba wanda ya sani a gidan. Matar ta ce da tumakin nan ta tashi marayunta, ga jikar ta kawo wa mai su. Goggo ta rungume tunkiyar a tsakar gida tana ce mata: "Ke ce? Ina kika shiga?" Ta kafa mata turke a ƙofar ɗakinta. Ludayi ya sauko. Ƙarfin kiwo ya riga ya ƙare mata, amma awo ba ta fasa ba. Haihuwar farko namiji ne. Ta bana tagwaye, duka mata, mako biyar kafin rasuwar Goggo.

Washegarin sadakar uku muka taru a tsakar gida, ni da ƙanena da taubashiyata, da wasu mata 'yan zaman makoki, cikinsu har da matar masuncin. Ana maganar abincin da za a yi sadaka da shi ran bakwai. Ƙanena ya nuna tunkiyar ya ce: "Wannan da 'ya'yanta a kai wa dillali yau, ya ba mu rago guda. Wa zai tsaya wahala da su?"

Taubashiyata ta ce: "Ni dai ba ni kai su Argungu. Jinin masu cutar nan na, kar su je su kashe min awaki." Ta juyo gare ni da tsokanar da muka saba, duk da idonta a kumbure: "Masinja, kai ka san hanyar dillalai. Tashi ka kai saƙo."

Na san inda dillali ke kai irin waɗannan: mota, sai mahauta. Uku ne suka rage a gidan daga aikin shekara talatin, kuma maganata ce za ta kai su wuƙa. Ƙanena har ya fara kwance igiya.

Na ce: "Bar ta."

Na shiga ɗakin Goggo na ɗauko ludayin. Na tsugunna, gwiwoyina na ƙara. Ban iya tatsa ba, tunkiyar ta harbe ni sau biyu, taubashiyata ta ce: "Yau masinja ya zama Bafillace." Matar masuncin ta taso ta riƙe mini kan. Ga zafi, ga tagwaye sun riga sun sha da safe, ga kwana huɗu ba wanda ya kula da abincinta sai ɗan bambaro. Duk da haka madara ta hau kusan rabin ludayi. Na ɗiga a farcena na karkata hannu na nuna musu. Ɗigon ya tsaya.

Na ce: "Ku duba da kyau. Tumakin Goggo ba su taɓa yin cuta ba. Ni na musanya su don a kalli ragona ran Sallah, na ji kunya na ƙirƙiro cuta. 'Ya'yan da suka mutu yunwa ta kashe su, ni na jawo."

Ƙanena ya saki igiyar. Taubashiyata ta dube ni, babu wasa a fuskarta, ta ce: "Shekara goma sha ɗaya? Tana cikin gidanka, tana cin tuwonka, kana kallonta?" Na ce e. Ta ce: "Wallahi da tana da rai da na ɗauke ta yau." Ta fashe da kuka. Gaskiya ta faɗa.

Sai matar masuncin ta ce: "Ai ta sani, Alhaji. Tun ran da ta dawo ta sani. Da na kawo wagga na ce mata na ji labarin cuta, ta ce ba wata cuta. Na ce to mi ya hana ki faɗi? Ta ce: ba ni ƙaryata mai sunan Baba gaban mutane. In ya tashi faɗi, shi faɗi da bakinshi."

Na tashi da ludayin a hannu na fita ƙofar gida, inda maza ke zaune. Na faɗi abin da na faɗa a ciki, ban rage ba. Na dubi maƙwabcina na ce ya janye addu'ar da ya yi mini ranar Talata, ban cancance ta ba. Ya ce: "Ba a janye addu'a, Alhaji. Amma ka ɗaure mu mun yi ta faɗin abin da ba shi ne ba." Wasu sun ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Wasu har yau gaisuwarsu ta yi gajarta, kuma ban ga laifinsu ba.

Ragon da nake turkawa don layya shi aka yanka ran bakwai. Taubashiyata ba ta yi mini sallama ba da za ta koma. Amma a bakin mota ta aiko matata da saƙo: uwar da 'ya ɗaya su zauna wurina, in ta isa yaye a kai mata ɗayar Argungu, kuma in na sake kiran dillali gidan nan ita da kanta za ta zo ta musanya ni. Na karɓi wannan a matsayin abin da zan samu yanzu.

Na riga na yi wa kaina alkawari. Kullum da sanyin safiya ni ke fita da tunkiyar, in dawo kafin rana ta yi zafi. Ina tsintar 'ya'yan gawo da hannuna. Bana zan shuka wake a rabin gonata saboda harawa. Matar masuncin ta ce za ta ba ni aron rago daga nata, kuma za ta koya mini tatsa yadda ba za a harbe ni ba. Mace ba za ta fita gidan nan zuwa kasuwa ba muddin ina numfashi, sai dai kyauta ga wadda za ta riƙe sharaɗin Goggo. Shekaruna ba za su kai talatin nan gaba ba, na sani. Abin da ya samu zan yi.

Roƙona ga wanda ya karanta: in akwai tsoho a gidanku mai wani abu da yake yi wanda kuke gani kamar wahalar banza, ku tambaye shi dalili kafin ku sa hannu. In kun riga kun ɓata, kar ku rufe da ƙarya, kuma kar ku jira ranar da ta dace kamar yadda na jira. Ku je yau, yana zaune yana jin ku. Ni na faɗi tawa da bakina kamar yadda ta so, amma sai da aka kwana huɗu da rufe ta. Ku yi wa Goggo addu'a, kuma don Allah kar ku yi irin tawa.